Ƙashin Jitar Baba

Akwai mutanen da in alherinsu ya motsa sai ka nemi wurin ɓuya. Yayan Auta irinsu ne. Shekara biyu bai leƙo gida ba, ya zo hutun kwana huɗu, a rana ta biyu ya rushe aikin da ta yi shekara shida tana lallaɓawa.

Auta ce ta gaji teburin mahaifinsu na gyaran kayan kiɗa, a ɗan ɗakin da ke bakin ƙofar gida. Baba ya ajiye aiki tun da yatsunsa suka fara sanƙarewa, amma bai ajiye jitarsa ba. Maɓallin riga sai an saka masa, murfin kwalba sai an buɗe masa. Kiɗan yamma kaɗai ya rage masa da yake yi da hannunsa, ba mai kama masa.

A jikin jita, inda tsirkiyoyi suke ɗaure, akwai katakon da ake kira jaki, a kansa kuma wani siririn ƙashi da tsirkiyoyin suke hawa. In ƙashin ya yi tudu, tsirkiya ta yi nisa da wuyan jita, danna ta sai mai ƙarfin yatsa. In an rage shi sai ta yi laushi. To duk bayan 'yan watanni, ranar da Baba ya tafi ganin likita, Auta takan sassauta tsirkiyoyi, ta zare ƙashin, ta goga gindinsa a kan samfefa sau biyar ko shida, ta mayar. Ƙarfin Baba na raguwa, ƙashi na bin sa ƙasa. Bai taɓa sani ba, har cika baki yake wai hannunsa yana nan daram. Illar abin ɗaya ce: babbar tsirkiya takan ɗan taɓa ƙarfen da ke jikin wuyan jitar ta yi kuka kamar ƙuda.

Wannan kukan Yaya ya jiyo. Bai tambayi kowa ba, shi da ba ya tambaya tun yana yaro. Ya jefa jita a mota sai wani katafaren shago mai gilashi, da yamma ya dawo da ita tana ƙyalli, an saka mata farar roba a gurbin ƙashi da sababbin tsirkiyoyi masu kauri. Ya tara mutanen gida kafin ya miƙa, don dai a shaida.

Baba ya karɓa da murna. Ya danna, ya kaɗa, sauti ya fito a dushe. Ya gyara zama ya sake, har jijiyar wuyansa ta tashi. A na uku sai ya ɗaga hannu yana kallon yatsunsa, tsirkiya ta bar musu shaida.

"Sabon abu ne, za ka saba," in ji Yaya. "Masu shagon sun ce wani ɗan koyo ne ya cinye tsohon ƙashin, saura kaɗan ya ƙare. Yanzu yana daidai ma'auni."

Baba fa shekara arba'in ya yi a wannan sana'a. Ya juyo ya dubi Auta, ita kuma ta rasa inda za ta sa idonta. Ya jingine jitar a bango ya shige ɗaki.

Ran Auta in ya yi dubu ya ɓaci. Ta bi Yaya har tsakar gida.

"Yaya, ina tsohon ƙashin?"

"Sun jefar mana. Me za ki yi da shi?"

"Ma'aunin wa suka bi? Sun ga hannun Baba?"

"Ke Auta, gyara na kai. Abu yana kuka kina zaune a kai, ke ga mai sana'a."

"Ni na sa shi kuka. Da kukan da shirun nan da kake ji yanzu, wanne ya fi? Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo. Taku goma ne daga kujerarka zuwa teburina, amma ka gwammace ka tuƙa mota."

Ya ce ai ba a gaya masa ba. Wallahi wannan maganar ta fi komai ƙona mata rai, kamar mutum ya taka maka ƙafa ya ce ba ka sanar da shi kana da ita ba.

Washegari ta yanko guntun ƙashin saniya da ta daɗe da busarwa. Gwajin farko ya ƙi shiga ramin jaki, ta rage kaurinsa. Na biyu ya shiga amma yana rawa, sautin ya fito ba armashi, ashe gindin bai kwanta ba. Ta shimfiɗa samfefa a kan gilashi, ta zana wa ƙashin fensir a gindi, ta yi ta guga har zanen ya goge baki ɗaya. Ta zagaye kansa da magagari don kada ya ci tsirkiya, ta mayar da siraran tsirkiyoyi irin na da. Ta saka, ta kaɗa, ta cire, ta rage, sau nawa ma ba ta ƙirga ba, tana yi tana tsaki. Sai da babbar tsirkiya ta soma ɗan kukanta sannan ta tsaya.

Ta sami Baba a kujerarsa, hannuwa a kan cinya, ta miƙa masa jitar. Bai kaɗa ba. Ya ɗaga jitar saitin idonsa, ya leƙa ratar da ke tsakanin tsirkiya da ƙarfen wuya, kallon mai sana'a.

"Tun yaushe?"

"Shekara shida, Baba."

Ya jinjina kai. "Saura guga nawa kafin tsirkiyar ta kwanta gaba ɗaya?"

Ta so ta yi masa ƙarya, amma ba a yi wa wanda ya koya maka aiki ƙaryar ma'auni.

"Sau ɗaya. In na yi a hankali, sau biyu."

"To ajiye mini su. Kada ki taɓa sai na ce."

Ya ɗora jitar a cinya ya danna, sauti ya fito. Yaya ya leƙo daga ƙofa yana murmushi, wai ai ga shi komai ya daidaita. Baba ya ci gaba da kiɗa a hankali, idonsa a kan yatsunsa, yana jiran ya ga wanne zai fara gazawa.