Labarin da Jan Biro Ya Gyara

"Maimaita min, kunnena bai ji da kyau ba," in ji Tela, ta ɗauke ƙafa daga kan keken ɗinki.

Auta, 'yarta, ta sunkuyar da kai. "Edita ya ce in rubuta labarin rasuwar Malam."

"Wane Malam? Wanda na ji tarinsa yanzun nan ta bango?"

"Haka ake yi a gidan jarida, Mama. In ciwon mutum ya yi tsanani sai a rubuta a ajiye, don kada a yi ta kame-kame ranar."

Tela ta ji kanta ya ɗau zafi. Malam maƙwabcinsu ne, bango ɗaya ya raba su. Ya koyar da aikin jarida a jami'a har gashinsa ya yi fari fat, ɗalibai suka laƙaba masa Jan Biro, don takarda ba ta fita hannunsa sai ta koma kamar an yanka kaza a kanta. Shi ya shirya Auta kafin ta tafi horo. Kullum da yamma ya aike ta tashar mota ta samo labari, ta dawo, ya sake kora ta don ba ta tambayi direba na biyu ba. Da ƙafarsa ya kai ta gidan jaridar, ya damƙa ta hannun editan, wanda shi ma tsohon ɗalibinsa ne.

To tun da Malam ya kwanta, editan nan ko sannu bai aiko ba. Jami'ar ma ta ba wani ofishinsa, aka kwaso masa littattafai cikin kwalaye aka jibge a barandarsa. Yanzu kuma marar kunyar ya tuna da shi, ya ma aiko a auna masa likkafani tun yana numfashi.

"Ba za ki yi ba," in ji Tela.

"Horon ya kusa ƙarewa, Mama, ko layi ɗaya ba su buga min ba. Sai dafa musu shayi. Ya ce in na yi wannan da kyau za su riƙe ni, in kuma ba zan iya ba, akwai masu jira."

Tela ko takalmi ba ta tsaya nema ba. Ta faɗa gidan Malam, ta iske Inna, matarsa, a falo tana matse tawul cikin roba, ta fara zayyana mata da raɗa. Amma fushi ba ya bari a yi raɗa. Muryar Malam ta fito daga ɗaki, siririya.

"Maƙwabciya, shigo mana ki zage shi a gabana."

Yana kwance, ya zube, agogonsa ya zame har gwiwar hannu.

"Malam, ka kira shi ka ci masa mutunci," ta ce. "Wannan ai rashin imani ne."

"Ni na koya masa." Ya yi dariya, dariyar ta koma tari. "Abu ɗaya ke nan da ya riƙe. Kira min yarinyar."

Haka aka yi kwanaki, Auta a kan kujera gefen gado tana tambaya, shi yana amsawa, Tela a bakin ƙofa tana cika tana batsewa. Haushin edita take ji, da na jami'a, har da na Malam kansa, da ya mayar da mutuwarsa darasi kamar ba shi da masu kuka. Auta ta karanto masa abin da ta rubuta: gwarzon malami, wanda babu kamarsa. Ya miƙo hannu aka ba shi biro, ya soke, layin ya karkace.

"Wa ya gaya miki?"

"Kowa ya sani, Malam."

"Kowa ba shi da lambar waya. Nemo ɗaliban da na kayar, su ma ki ji nasu."

"Haba Malam," in ji Tela. "Yabon ma ba za ka bari a yi maka ba?"

"Ki yabe ni a shagonki, ba zan hana ba." Ya juya ga Auta. "Layin farko kuwa, wanda zai ce na rasu, kada ki taɓa shi sai mai hakki ya faɗa miki da bakinsa. Ko kin ji kuka ta bango, kuka ba majiya ba ce."

Wata safiya, Tela na ɗaura zare, kukan ya zo ta bangon. Ba mai ƙarfi ba ne. Ta zauna riƙe da zaren. Wayar Auta ta fara ruri: edita ne. Ashe yana da kunnuwa a layin nan. Auta ta fito daga ɗaki, ido jawur, da takarda da biro.

Tela ta tare ƙofa. "Ina za ki da wannan?"

"Zan tambayi Inna."

"Ki tambaye ta me? Kurma ce ke? Matar ko hawayenta bai bushe ba za ki tsaya mata a ka da biro. Su riƙe aikinsu. Ban haife ki don wannan ba."

"In na rubuta ban tambaya ba, Mama, duk zaman da ya yi da ni ya tashi a banza."

Ta raɓa ta wuce. Tela ta bi ta a fusace, da niyyar fizgo ta ko a gaban wa.

Matar Malam na zaune a ƙasa, ta jingina da ƙofar ɗakin, wadda aka ja aka rufe. Maƙwabta biyu sun riga sun shigo. Auta ta durƙusa a gabanta.

"Inna, daga jarida nake. Ko za ki tabbatar min da..."

Ɗaya daga cikin matan ta yi tsaki. Matar Malam ta dubi yarinyar. Sannan ta gyara zama, ta share fuska da bayan hannu.

"Ya rasu da safen nan, a ɗakinsa, ina riƙe da shi," ta ce a hankali, kalma bayan kalma. "Ki ce matarsa ce ta faɗa."

Auta ta ɗora takardar a kan cinya, amma biron sai huda takardar yake yi. Ta gwada a tafin hannu, abin ya ƙi. Wayar ta sake ruri a aljihunta.

Tela ta zare wayar ta kashe, ta harari mai tsakin har ta kau da kai. Har yanzu zuciyarta na tafasa. Ta durƙusa a kan siminti, ta juya wa 'yarta baya.

"Ɗora nan," ta ce.

Ta ji sanyin takardar ta cikin rigarta, sannan bakin biron ya fara tafiya a hankali tsakanin kafaɗunta.