Kwamitin Ban-ruwa

Sakatariya tana durƙushe a ofishin Darakta, tana tsince ganyayen da suka zuba tana cusawa a jakarta, sai ta ji an turo ƙofa. Akanta ne, tumbinsa a gaba, buta a hannu.

"Malam Akanta, ina zuwa da buta?"

"Yau fa maigida zai dawo. Bari in ɗan jiƙa ta, ya tarar da ita da sanyinta."

"Ta ƙoshi. Don Allah ka koma."

Ya tsaya yana leƙen shukar ta saman kafaɗarta, sannan ya juya yana gunaguni.

Shukar da ake magana shefilera ce, irin mai ganye a baje kamar laima. Shugaban hukuma ne ya ba Darakta ita kyauta, shi ya sa a ma'aikatar nan ta fi mataimakin Darakta daraja. Ranar da zai tafi hutu, Darakta ya tara ma'aikata ya ɗora hannu a kan tukunyar. Ya ce ya bar ta a hannun Sakatariya, kuma wanda ya kasa riƙe shuka ba zai iya riƙe kujera ba. Kowa ya gane inda aka dosa. Wanda ya yi laifi a nan ba a korarsa, ɗakin tsofaffin fayiloli ake tura shi, can ƙasan bene, inda babu fanka, babu mai sallama, kuma ba a taɓa jin an ƙara wa kowa girma ba. Sakatariya ta daɗe tana jiran nata ƙarin girman, tsoron ɗakin nan take yi ƙwarai.

Darakta na fita, sai ƙaunar shuka ta sauko wa kowa. Akanta ya zuba ruwa da safe. Jami'in ma'aikata ya zuba da hantsi, ya sa a ɗauke shi hoto. Mataimakin Darakta, wanda bai san inda famfon gidansa yake ba, ya zo da ruwan gora mai sanyi. Har da wata daga sashen shari'a da ta kawo ragowar shayi, wai yana ƙara wa ganye sheƙi. Ba a daɗe ba ganyen ya fara rawaya yana zuba, ƙasar tana wari, ƙananan ƙudaje suna tashi daga cikinta.

Hankalin Sakatariya ya tashi. Ta ɗauki hoto ta kai wa wata mai sayar da furanni a bakin titi.

"'Yar'uwa, wannan ai nutsar da ita kuka yi," in ji matar. "Saiwar ce take ruɓewa. Ki yanke ruɓaɓɓun, ki sake mata ƙasa, ki ajiye ta kusa da taga inda haske yake amma rana ba ta dukanta. Ruwa kuwa, sai kin sa yatsa kin ji ƙasar ta bushe."

Haka ta yi. Ta datse wani reshe da ya lanƙwasa ta dasa a tsohon kofin shayi, ta ajiye a gefen teburinta. Sannan ta yi abin da ya fi komai wuya, ta kulle ofishin ta sa makulli a jaka. Gaisuwa ta ragu a gare ta, amma zubar ganye ma ta ragu. A safiyar nan, da ta buɗe don shara, ta ga sababbin ganyaye ƙanana a saman shukar, koraye shar. Har ƙwalla ta cika mata ido don murna.

Bayan azahar Darakta ya iso. Ma'aikata suka biyo shi ɗuu, ana yi masa barka da dawowa. Bai zauna ba, wajen shukar ya nufa. Ya zagaya ta, ya gyaɗa kai.

"Ta yi kyau. Har da sabon ganye."

Sakatariya ta sauke ajiyar zuciya. Sai kuma ya sunkuya ya dangwala yatsa a ƙasar. Yatsan ya fito fes.

"Wa ya bar ta da ƙishirwa?"

"Ranka ya daɗe," Akanta ya yi caraf, "ko yau da safe sai da na zo da buta, aka kore ni."

"Mu ma haka, ranka ya daɗe," in ji Jami'in ma'aikata, yana miƙa waya. "Ga hotuna nan. Da farko ba mu taɓa fashi ba, sai aka kulle mana ƙofa."

Darakta ya juyo ga Sakatariya. Ta ce, "Yallaɓai, ruwan ne ya yi mata yawa. Saura kaɗan ta mutu. Sai da aka bar ta ta bushe sannan ta farfaɗo."

"Wato rashin ruwa ne ya raya ta?"

"Eh, yallaɓai."

Ya yi dariya, kowa ya taya shi, har da waɗanda ke baya da ba su ji abin da aka ce ba.

"Malama, ni ɗan manomi ne. Ban taɓa jin shukar da ta mutu don an ba ta ruwa ba. Ruwan da bayin Allahn nan suka zuba tun farko shi ne ya riƙe ta har yau. Ke kuma kika tsare ƙofa kina hana mutane aiki."

Nan take ya kafa kwamitin ban-ruwa. Akanta ne shugaba, Jami'in ma'aikata sakatare, kowane sashe zai turo wakili da butarsa. Ita kuma aka ce ta ba da makulli, ɗakin fayiloli yana bukatar mai son kulle ƙofa.

Ta so ta ƙara magana, sai ta ga babu wanda ke kallonta, kowa ya fita neman buta. Ta kwashe tarkacenta a kwali, ta ɗora kofin reshen a sama, ta gangara. A kan bene ta yi kukanta ta share.

Ɗakin yana da 'yar taga guda, daidai ƙarƙashin ta Darakta. Ta goge ƙurar bakinta ta ajiye kofin a wurin. Daga sama tana jin takun ƙafafu, ana shiga ana fita, kwamiti ya kama aiki. Jim kaɗan sai ruwa ya fara gangarowa ta jikin bango, yana ɗiga a gaban tagarta, mai laka-laka.

Ta sa yatsa a kofin. Ƙasar ta bushe. Ta miƙa shi waje ya tari ɗigon har ya jiƙa, sannan ta janye shi ciki ta rufe tagar. A sama ba su daina zubawa ba.