Motar Namadi Ba Ta Ciwo Sai a Moriki

Namadi direba ne a tashar Ƙaura Namoda, yana jigilar fasinja zuwa Shinkafi da wata tsohuwar mota wadda fentinta ya koɗe. Tun da matarsa Asiya ta rasu ya zama mutum mai shiru, daga tasha sai masallaci sai gida.

Kwatsam motar ta tsiro da wani hali. Da safe taɓawa ɗaya take tashi. Amma wani lokaci, in aka kashe ta a hanya, sai ya murɗa makulli ta yi ta nishi kamar tsohuwa za ta miƙe daga tabarma. Sai an jira an jira, sannan ta ga dama. Ya canza batir, ya kankare kan batir, a banza. Fasinja kuwa, a wannan zamani da kowa ke son ya isa gida rana na sama, suka fara tsallake motarsa.

Dole ya kai ta garejin Armiya'u, bakanike kuma taubashinsa, mutumin da ba ya ganin Namadi bai tsokane shi ba.

Armiya'u ya murɗa makulli, mota ta tashi garau. Ya kashe, ya sake, haka.

"Wagga mota lafiyarta lau," in ji shi. "Ko dai direban ne batir nai ya yi sanyi?"

"Kai dai ba ka da mutunci. Na ce maka ba kullum take yi ba."

"To yaushe take yi? Da sanyin safiya?"

"A'a."

"A Shinkafi, in kun gama lodi?"

"Can ma tashi take, ai ta daɗe a tsaye."

"To ina?"

Namadi ya sosa ƙeya. "Galibi dai... wajen Moriki."

Armiya'u ya dube shi da kyau, ya ce ciwon da ba ya zuwa gaban likita, likita ke bin sa. Washegari ya ɗauki 'yan sifanoninsa ya zauna a gidan gaba.

Suka kama hanya, rana ta take, injin ya ɗau zafi. Da isarsu Moriki babu fasinjan da ya ce zai sauka, amma Namadi ya gangara gefen titi, daidai wata rumfa, ya kashe mota.

"Mi munka tsaya yi?" Armiya'u ya tambaya.

"Zan ɗan jiƙa maƙoshi."

Mai rumfar Tasalla ce, bazawara mai sayar da fura. Tun kafin Namadi ya yi sallama ta riga ta ɗauko wata ƙwarya ta daban, wadda ba ta cikin jerin na sauran masu saye. Namadin da ba ya magana a tasha, sai ga shi yana tambayar lafiyar awaki.

Da ya dawo ya murɗa makulli, motar ta hau nishinta. Fasinja suka fara tsaki. Armiya'u ya buɗe bonet, ya zura hannu ƙasa ya taɓa kik, wato abin da ke juya injin ya tashi, ya janye da sauri yana yarfe yatsu. Ya ɗan ƙwanƙwasa shi da sifana, ya ce a sake murɗawa. Ta tashi da ƙyar.

Sai ya ɗaga murya yadda har cikin rumfa za a ji.

"Jama'a, an gano ciwo! Kik ne ya tsufa, in ya ɗau zafi sai ya yi nauyi, sai ya huce yake aiki. Da ba a kashe ta a nan, da ba wanda zai sani. Abin da ban gano ba shi ne mi ke sa direba kashe mota inda babu mai sauka."

Wata tsohuwa a baya ta ce, "Ɗan nan, mu mun daɗe da gano wannan." Motar ta kwashe da dariya. Tasalla ta ja gyale ta rufe baki. Namadi ya ƙura wa sitiyari ido har Shinkafi.

Da suka koma Ƙaura ya ja Armiya'u gefe.

"Gyaran nan... ba gaggawa, ko?"

"Au, so kake ta ci gaba da ba ka dalilin zama? Kai da furfura, mota ce za ta yi maka zance?" Kafin magariba Armiya'u ya kwance kik ɗin ya sa wani.

Tafiya ta gaba Namadi ya tsaya a Moriki, ya sha fura, ya koma ya murɗa makulli a hankali, yana fatan ta ƙi tashi. Motar ta tashi fes, ba ko tari. Ya zauna hannu a sitiyari, ya rasa abin yi.

Tasalla ta fito ta tsaya bakin tagarsa.

"Malam Namadi, na ga ta warke."

"Ta warke, Tasalla."

"To madalla. Yayana Shu'aibu yana Dauran. Tunda lafiya ta samu, ina jin za ta iya kai mutum can." Ta juya abinta.

Ranar Juma'a Namadi bai yi lodi ba. Ya sa babbar riga, ya ɗauki ƙanen mahaifinsa da goro, suka nufi Dauran. Armiya'u ya liƙe a baya ba wanda ya gayyace shi, yana ta faɗa wa tsohon cewa rabin ladan wannan aure nasa ne. Shu'aibu ya karɓe su hannu biyu, aka sa rana bayan girbi.