Ruwan Wankan Radiyya

Duk Arlit babu mai rigan Siddiƙa sanin zuwan bazara. Tun iska ba ta juya ba barci ke ƙaurace mata, sai duniya ta yi kyau fiye da kima. Tsibin ƙasar da aka haƙo daga ramukan ma'adinai ya koma mata kore shar kamar fadamun Tahoua, garinsu, ta riƙa jin ƙamshin ruwan saman da ba ya zuwa. Daga nan sai surutu, sai kyautar da kayan ɗaki, sai yawo ba takalmi. In sanyi ya shigo kuma ta shige ɗaki, ko amsa gaisuwa nauyi yake mata. Likita ya ce ciwo ne mai hawa da sauka, nata kuwa lokutan shekara yake bi, abin da shi ya fi gani ga matan da ke zuwa wurinsa.

Ƙanenta Alkassoum, direban kamyo, wato babbar motar kaya, ciwonsu ɗaya, sai dai nasa ba ruwansa da lokaci. In ya motsa ya yi ta tuƙi ba hutu, mutane na cewa kai, wannan namiji ne! Ita kuwa in nata ya motsa, sai a ce iskokinta sun tashi. Abin nan yana ci mata rai ƙwarai.

Bana 'yarta Radiyya ta yi haihuwar fari, daidai bakin bazara. Dangin miji suka yi ta jan ƙafa kan kai mai jego gidan uwarta wanka. Siddiƙa ta taka da kanta, ta roƙe su, ta rantse ba ta tsallake maganinta. Da ƙyar suka yarda. Ba abin da take so a duniya irin ta yi wa 'yarta wankan nan da hannunta har a yi arba'in.

Kwanakin farko sun tafi lafiya lau. Ta dafa ruwa, ta tsoma ganyen dogon yaro, ta gwada zafin da hannu, sannan ta kira mai jego. Ta dama kunun kanwa, ta goya jikanyarta tana zagaya tsakar gida.

Wata safiya ta tashi garau, alhali ba ta runtsa ba. Sama ta sauko kusa-kusa, har tana ganin in ta miƙa hannu za ta taɓa ta. Tururin tukunya yana tashi, a cikinsa ga gonar mahaifinta, gero ya kai kafaɗa, ga mata suna dawowa daga tafki jiƙe sharkaf suna dariya. Ta ƙara itace, ta sake ƙarawa, tana waƙa. Da ta sauke, ta juye a baho, ta tsoma hannu har wuyan hannu, ta ji ruwan da daɗi, sanyi-sanyi kamar na randa.

"Ke, fito, ruwa ya yi!"

Radiyya ta fito ɗaure da zane. Daidai nan Alkassoum ya yi sallama, ya zo duba jaririya. Ya tsaya cik.

"Yaya, hannunki!"

Ta duba. Fatar ta yi jawur, har ta fara tashi. Ita dai ba ta jin komai. Ta dubi bahon, ta dubi 'yarta da ta riga ta durƙusa a gabansa tana jira. Tsoro ya kama ta, irin wanda ba ta taɓa ji ba.

"Ba wanda ya gani sai mu," in ji Alkassoum a hankali. "A sirka ruwan, a yi shiru. Ni sau nawa nake hawa mota a haka, wa ya hana ni?"

"Inna, zan riƙa gwadawa da kaina," in ji Radiyya. "Kada ki faɗa wa dangin mijina."

Siddiƙa ta so ta yarda. Wallahi ta so. Gonar tana nan cikin tururin, ba ta gushe ba, har yanzu tana kiranta. Ta janye bahon da ƙafa, nesa da yarinyar.

"Je ka kira uwar mijinta," ta ce. "Ka ce ta zo da mai ɗaukar kaya. In sun tafi, ka kai ni wurin likita. Kai ma yau za ka shiga ya gan ka."

Ta shiga ɗaki, ta tsaya kan jaririyar da ke barci. Ta miƙa hannu za ta ɗauke ta, sai ta fasa, ta mayar da hannayenta baya.

"Zo ki ɗauke ta," ta ce wa 'yarta. "Ki matso da ita in gan ta da kyau."