Guryar da Maitama Ya Wanke

A ƙauyensu da ke gefen hanyar Bakori, an ce Malam Maitama bai taɓa yin kuskure ba, kuma masu faɗa suna faɗa ne da ɗan murmushi. In fartanya ta karye a hannunsa, maƙeri ne bai iya aiki ba. In ya makara zuwa kasuwa, matarsa Mero ce ta ɓata lokaci wajen damun fura. Amma kowa ya yarda ya san shanu, don ubansa ma har daga Danja ake zuwa a tambaye shi ciwon dabba.

Shi da maƙwabcinsa Amos kowa yana da sa guda. Sukan haɗa su a karkiya ɗaya, yau a yi huɗa a gonar wannan, gobe a ta wancan. Shekara shida suna haka.

A daminar 1978 malamin gona ya raba musu irin auduga da aka barbaɗe da wani jan magani na kashe ƙwari. Ya ce a wanke hannu bayan shuka, kada kuma a ba dabba. Bayan shuka sai rabin buhu ya rage wa Maitama. Ya ce a ransa gurya dai gurya ce, tun kakanni da ita ake ƙosar da shanu. Ya wanke ta sau biyu a bakin rijiya, ya zuba wa sansa. Kwana biyu aka yi san ya mutu.

Ranar da ya fara ciwo kuwa a gonar Amos aka yi huɗa. Maitama ya ce Amos ne ya wahalar da shi cikin rana. Ya faɗa a gida, ya faɗa a majalisa, ya faɗa a kasuwar Bakori, kullum ranar tana ƙara zafi a bakinsa. Mero ta ce masa sau ɗaya, "Malam, na ga jan ruwa a kwamin shayar da shanu na bakin rijiya." Ya ce mata tuwon jiya ma da gudaji. Ba ta sake tayar da zancen ba.

Bayan wata guda shi kansa ya kusa yarda da labarin. Rasa maƙwabci ya fi masa sauƙi a kan ya zama ɗan masanin shanu da ya kashe sansa da hannunsa. Sai dai ya daina bi ta wajen rijiya, bai kuma tambayi kansa dalili ba.

Sa ɗaya ba ya jan garma. Dukansu biyu suka koma noman hannu, ba mai gaida wani.

Wata safiya a damina ta gaba, yana wucewa ta bayan dangar Amos, ya gan shi tsugune da kwano, yana cuɗa gurya cikin ruwa. Ruwan ya yi ja. San Amos yana ɗaure a turke, yana miƙa wuya.

Maitama ya yi gaba taku huɗu, sannan ya dawo.

"Me za ka yi da wannan?"

Amos ya ɗago kai. "A'a, yau baki ya buɗe? Ragowar iri ne. Dusa ta yi wuya, na ce in wanke in ba shi."

"Kada ka ba shi."

"Sau uku na wanke. Ko shi ma rana za ta kashe shi?"

Amos ya tsiyaye ruwan, ya tashi da kwanon. Maitama ya tsallaka dangar, ƙaya ta kama masa riga, ya riƙe bakin kwanon da hannu biyu.

"Wanki ba ya fitar da maganin. Na gwada." Ya tsaya, yana kallon ruwan da ke bin ƙasa. "Irin wannan na ba nawa san, shi ya kashe shi. Ba rana ba ce, ba kuma kai ba ne. Na yi maka ƙage shekara guda, Amos. Ka yafe mini."