Bahon da ke Ƙarƙashin Gadon Baba

Tun ina kan matakalar bene na fara jin warin. Shekara goma sha ɗaya ke nan ina tsaye a kantin magani, babu irin gyambon da ba a kwance tsumma an nuna mini ba, har ina cika baki cewa ni zuciyata ba ta tashi. Ran nan ta tashi. Wari ne mai tsami-tsami, haɗe da na safar da ta kwana uku a cikin takalmin roba, kuma daga ɗakin mahaifina yake fitowa.

Baba yana da ciwon suga. Kwana goma sha shida kafin wannan rana wasu ƙuraje suka feso masa a bayan ƙafar dama, masu ƙaiƙayi, suna tsattsafo da ruwa. Likita ya duba ya ce abin bai yi nisa ba, amma ya ja mana kunne sosai. Ya ce ƙafar mai suga ba a wasa da ita, ɗan tsagu kaɗan in ya samu datti yana iya tafiya da ƙafar gaba ɗaya. Ya rubuta wani farin gari da ake jiƙa fata da shi don ƙurajen su bushe, sunansa alminiyam asitet. Ni na ɗauko daga kantinmu, kwali guda mai ƙananan fakiti a ciki, na kai gida na dire a kan tebur, mai mota yana jirana a ƙasa yana ta danna oda. Daga nan aiki ya sha mini kai, sai dai waya. Duk lokacin da na kira, Umma ta ce, "Ana ta jiƙawa, da sauƙi."

Maganin nan ba shi da wata wahala. Fakiti ɗaya a ruwa mai tsabta, a tsoma ƙafa minti sha biyar zuwa rabin awa, a zubar da ruwan, a wanke mazubin. In za a sake, a haɗa sabo. Ba a sha, ba a bari ya shiga ido, ba a ɗaure wurin da leda, garin kuma a bar shi cikin fakitinsa a wuri busasshe. Sau nawa na faɗa wa mutanen da ban san ko sunansu ba wannan bayani, ina yi ina buga teburin kantin da yatsa, har in sa su maimaita mini?

Na tarar da Baba a kujerarsa, rediyo a cinya, ƙafar dama cikin baƙar leda an ɗaure bakinta a idon sawu.

"Uwata, ke ce?" Haka yake kirana, don sunan mahaifiyarsa gare ni.

Ko gaisuwar kirki ban yi ba. Na juya wajen Umma na ce, "Me ya mutu a ɗakin nan?"

"Ke dai da hancinki," in ji ta. "Warin magani ne."

Na bi warin har gindin gado, na durƙusa na jawo wani shuɗin baho da aka rufe da tire. Da na ɗaga tiren sai da na kau da kai na toshe baki da mayafi. Ruwan ya yi kauri, ya koma launin ruwan wanke-wanke. A ƙasa wata farar laka ta kwanta, a sama wata yana ta rufe ruwan, ga ɓawon fata yana yawo, ga gashi, ga guntun auduga da ya kumbura, ga ƙudaje biyu sun mutu a gefe. Ko su ba su sha da daɗi ba.

"Umma, yaushe aka haɗa wannan?"

"Ranar da kika kawo mana."

"Wace ranar?"

"Sau nawa kika kawo? In ya ragu mu ƙara ruwa, mu barbaɗa gari. Ai ƙarfi yake ƙarawa. Magani guda a zubar a kwata kamar ruwan wanki?"

Ana cikin haka sai ga ƙanena ya shigo. Injiniya muke ce masa, gyaran janareta yake yi, mutum ne mai shekara talatin da gemu har ƙirji. Ya naɗe wando zuwa gwiwa, tawul a kafaɗa, ƙafa ba takalmi.

"Yaya, sannu da zuwa. In kin gama dubawa turo mini nan, lokacina ne."

"Lokacinka na me?"

Ya ɗaga mini ƙafa, ya ware yatsu da hannu don in gani da kyau. Cin ruwa ya cinye tsakaninsu, fari fat, yana saɓulewa, ga baƙin mai ya shige ƙarƙashin farce. "Wallahi maganin nan naki yana aiki. Tun da na fara sakawa ƙaiƙayin ya ragu. Har mai askin ƙasan bene ya hau sau biyu ya tsoma nasa fason, yana ta sa miki albarka."

Na ce, "A nan? A cikin wannan? Inda Baba yake sa ƙafarsa?"

"To ba magani ba ne? Wace cuta za ta rayu a cikin magani?"

Allah ya sani, da ba don Baba yana zaune ba da na kifa masa bahon a ka. Na ce masa ƙazami, na ce ko jakin da ya san ciwon kansa ba zai yi wannan ba, na ce mai askin ma in na sauka zai ji daga gare ni. Ya tsaya yana kallona baki buɗe, shi a dole bai ga laifinsa ba.

Na tambayi inda sauran garin yake. Umma ta kai ni banɗaki. Ashe tun ranar farko ta farke fakitin duka ta juye su cikin wata tsohuwar kwalbar man shafawa, wai don kada su ɓace ɗaya-ɗaya. Kwalbar ba murfi, tana kan tagar da tururin wanka yake bi ya fita. Garin ya sha danshi ya dunƙule kamar dutse, yana ta bugo tsami. A ciki an soke cokalin shayi, da shi suke fasawa. Na san cokalin, irin wanda ke cikin kwandon kicin ne, kuma ban tambaya ko yana komawa can ba don ba na son jin amsar. A hasken tagar ne na lura idon Umma na hagu ya yi ja.

"Na sosa ne da hannu bayan na barbaɗa," in ji ta. "Ya yi yaji kwana biyu, ya daina."

Na koma ɗaki na durƙusa gaban Baba, na kwance ledar. Umma tana bayana tana bayani, wai ita ta ga in an ɗaure maganin ya fi shiga jiki. Wai kuma Baba ba ya ƙosawa, yakan tsoma ƙafar tun farkon labarai har a gama shirin da ke biye.

Fatar ta yi fari ta yamutse kamar ta wanda ya yini a cikin rafi. Tsakanin babban yatsa da na kusa da shi ta tsage, tsagun ya yi zurfi, yana fitar da abin da ba zan faɗa ba. Babban yatsan ya yi duhu. Ja da kumburi sun haura har idon sawu, da na taɓa sai na ji zafi rau.

"Ai ba ya ciwo, Uwata," in ji Baba. "Ko kaɗan."

Wannan maganar ce ta fi komai tsorata ni, don na san in ƙafar mai suga ta daina jin ciwo, abin ya yi nisa. Na ce wa Injiniya ya sa takalmi ya goyo Baba zuwa ƙasa, yanzu.

A asibiti likitan da ya rubuta maganin ne ya karɓe mu. Ya daɗe yana duba ƙafar, yana danna nan yana danna can. Na ba shi labarin bahon, ya rufe ido na ɗan lokaci. Sai ya ce, "Wa ya kai maganin gida?"

"Ni ce."

"Ba ke ce kike aiki a kantin magani ba?"

Na ce ni ce. Ya sa aka tura Baba ciki.

A barandar asibitin na sauke wa Umma da Injiniya sauran faɗan da ke cikina. Ban damu da masu wucewa ba. Na ce mutum uku a gida, manya, a rasa wanda zai duba abin da aka rubuta. Komai yana jikin kwali, dalla-dalla. Ina kwalin ma?

Injiniya ya sosa ƙeya. "Teburin falo ne yake rawa, na ninke shi na sa a ƙarƙashin ƙafar."

Umma tana ta murza bakin zanenta. Na san ba ta karanta irin wannan rubutu, na sani tun ina yarinya, amma a lokacin fushi bai bar ni na tuna ba.

Yatsu biyu aka cire, babban da na kusa da shi. Likita ya ce sauran ƙafar sai an ga yadda kwanaki za su yi, ba zai yi mana alkawari ba.

Washegari da la'asar na shiga ɗakin da aka kwantar da shi. Ƙafar tana kan matashi, an naɗe ta da farin bandeji, ta gajarce ta gefe ɗaya. Umma tana zaune a kan tabarma. A kan bargon Baba na ga kwalin, a ninke huɗu, da shaidar ƙafar tebur a tsakiyarsa. Shi da kansa ya sa aka ɗauko masa.

"Zauna, Uwata," ya ce. "Na ji faɗan da kika yi musu jiya, har ciki ana jiyo ki. Ki sassauta wa uwarki."

Na zauna a bakin gadon.

"Ranar da kika kawo, na biyo ki har bakin matakala. Na ce, ruwan fa, in an gama yaya za a yi da shi? Kina waya. Kika ɗago mini hannu kika ce, Baba, komai yana jikin kwali." Ya shafa kwalin da tafin hannu yana ƙoƙarin miƙar da shi. "Na dawo na sa tabarau, na juya shi gaba da baya. Rubutun ƙanana ne, kuma ba yarena ba ne. Na ɗauki waya zan kira ki, sai na ce yarinyar nan mutane sun yi mata layi, kada in dame ta da tambayar ruwa."

Na tuna. Har rigar da ke jikinsa ran nan na tuna, da yadda ya riƙe ƙarfen matakalar. Ƙyamar da na kwana da ita a kan baho da ƙafar Injiniya da mai aski, duk sai ta juyo kaina, kuma ta fi ta jiya ɗaci.

Ya miƙo mini kwalin. "Karanta mini yanzu, in dai san abin da ya ce."

Na buɗe ninkin, na fassara masa layi-layi. Fakiti ɗaya a ruwa mai tsabta. Kada a wuce rabin awa. A zubar da ruwan bayan kowace jiƙawa. Kada a rufe wurin da leda. A kiyaye ido. A ajiye a wuri busasshe. In abin ya ƙaru, a daina a koma wurin likita.

Na kai ƙarshe. Baba yana jira, yana tsammanin da saura.

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan, Baba."

Ya dubi agogon da ke bango, sannan ya dubi bandejin. "Ashe karatun ko minti ɗaya bai kai ba," ya ce.