Duro a Bayan Tarakta

Sallau ya cika bokitin gaban tarakta da marmara, ya ɗaga shi, ya juya ya hau bakin kanal. Bai yi nisa ba ya ji kujerarsa ta yi sama. Tayoyin baya sun saki ƙasa, motar ta duƙa da goshi ta fara zamewa wajen ruwa. Ya taka birki, birkin bai san yana yi ba, don a tayoyin baya yake, su kuwa suna can suna juyi a iska. Allah ya taimake shi hannunsa ya kai ga libar sauke kaya, ya dangwarar da bokitin. Motar ta dawo ta zauna da ƙarfi, har sai da ya ciji harshensa.

Ya daɗe riƙe da sitiyari.

Tun da hantsi ƙaramin kanal ɗin da ke shayar da gonakin yamma da Bunkure ya ɓalle, ɓaraka mai faɗin ƙofar zaure biyu. Gonar da ke ƙarƙashinta ta yayansa ce, Muhammadu Sani: eka uku ta alkama, ta fitar da kai, saura wata guda a yanka. Mai rufe ƙofar ruwa ya tafi suna Madobi da mukulli a aljihu, wayarsa kuma ba ta shiga. An tura mai babur. An jefa buhunan ƙasa, ruwa ya tafi da su. Abin da ya rage shi ne wannan 'yar tarakta ta ƙungiyar manoma, wadda aka sayo ta hannu ba tare da ƙarafan da ke danne bayanta ba. Kullum da haro, ƙarfen da ke farfasa ƙasar gona, rataye a baya Sallau yake ɗaukar ƙasa, nauyinsa ya riƙe motar. Haron kuwa kwanansa shida a wargaje wurin mai walda a Kura.

Muhammadu Sani ya hauro daga gona, jiƙe har ƙirji. Mutum ne mai jiki, wanda ba ya maimaita magana.

"Nauyi take so," in ji shi. Ya waiwaya ga mutanen da suka taru. "Ku biyu ku zo mu hau."

Kafin Sallau ya buɗe baki, yayan ya taka hannun ƙarfen da ake rataya garma, ya dafa bayan kujera. Biyu suka bi shi. Ba wanda ya ga abin mamaki a nan. Haka ake yi tun daga Kura har Garun Mallam: in bayan tarakta ya yi sauƙi, sai ƙarti su ɗare, ana tafe ana raha.

Sallau ya kashe injin.

"Me ya faru kuma?"

"Yaya, ku sauka."

"Tayar da mota, Sallau."

"Yaya, bakin nan ya jiƙe, kuma faɗinsa da na motar ɗaya ne. In ta yi tsalle sau ɗaya, ƙarƙashin taya za ku faɗa."

Ba wa'azi yake yi ba, gani ya yi. Shekara huɗu da suka wuce shi ne a kan sitiyari lokacin da wani lebura, Alamin, ya zame daga daidai wannan wurin. Yau Alamin yana sayar da fetur a kwalba a bakin titin Zariya da ƙafa ɗaya, kuma duk ranar da ya hango Sallau shi ke fara gaisuwa. Wannan gaisuwa ta fi zagi yi masa ciwo.

"Waccan ƙaddara ce," in ji Muhammadu Sani. "Dubi gonar nan. Baki goma sha bakwai ke jiranta. Tumatir ya ruɓe mana bara, kai shaida ne. Ni na ce zan hau, ba kai ka sa ni ba."

"Ba ni awa ɗaya."

"Awa ɗaya? Ni na raine ka, ni na kai ka koyon tuƙin nan. Yau rana ɗaya na nemi amfaninsa."

Mutane suka sa baki. Wani ya ce tsoro ne, wani ya ce a ba shi mukullin shi ya iya. Sallau ya zare mukullin ya riƙe a hannu, idonsa a ƙasa. Tun da aka haife shi bai taɓa ce wa yayansa a'a ba, yau ga shi ya faɗa a gaban jama'a, kuma ji yake kamar ya nutse. Muhammadu Sani ya dube shi, ya sauka, ya koma cikin ruwa.

Sallau ya juye marmarar ya nufi gari da iyakar gudun motar, wanda bai fi na keke ba. Ya tarar da matarsa Raliya ta ɗora duron da take turara shinkafa, wuta ta kama.

"Juye shi."

"In juye me? Malam, shinkafar mutane ce a ciki, yanzu ta ɗau zafi."

"Kanal ya ɓalle a kan alkamar Yaya. Yana so ya hau bayan mota."

Ta dubi fuskarsa, ba ta ƙara tambaya ba. Ta janye itacen, suka kama duron da tsumma suka kifar da shi a kan tabarma. Ya ɗauki sarƙa da wani tsohon ƙarfen amalanke. Ya gitta ƙarfen a kan hannuwan baya, ya zaunar da duron, ya ɗaure shi sama da ƙasa. Sau biyu yana kwancewa yana sake ɗauri. A bakin kanal ya cika shi da jiƙaƙƙen yashi da fasassun kankare, shebur bayan shebur. Mutum biyu ne kawai suka taya shi, sauran suna ƙasa tare da yayansa suna tare ruwa da fartanya da jikinsu. Duk ɗagowar da zai yi sai ya ga wani fangalin ya kwanta.

Da ya sake cika bokitin ya hau, motar ta tafi kamar an dasa ta. Ya zuba, ya koma, ya zuba. Sawu goma sha huɗu ya yi a kan wannan siririn baki, tayar hagu tana shafar gefe, bayan ko gezau bai yi ba. Ba ta yi tsalle ba ko sau ɗaya. Wajen sawu na takwas abin ya fara damunsa, har ya kama kansa yana fatan ta ɗan girgiza, ko sarƙar ta tsinke, don mutane su gani. Ya yi istigfari ya ci gaba.

Ana kiran azahar ɓarakar ta toshe. Bayan nan ne mai mukulli ya iso a bayan babur, da hular zuwa sunan a kansa.

Sallau ya sauko ya leƙa gonar. Fiye da rabin alkamar ta kwanta, yashi da jar laka sun hau kanta. Wadda ke kusa da ɓarakar ma babu ita, sai kwari. Ya san lissafin da kowa ke yi a ransa, don shi ma ya yi shi: yawancin wannan ɓarna a cikin awa ɗaya da rabin da ya tafi neman duro aka yi ta.

Muhammadu Sani ya hauro a hankali, laka har gemu. Ya tsaya bayan taraktar, ya ƙwanƙwasa duron da yatsa.

"Sawu nawa ka yi?"

"Sha huɗu, Yaya."

"Ta yi tsalle?"

"Ba ta yi ba."

Yayan ya gyaɗa kai. "To, ka gani."

Sallau ya dubi duron. Ba shi da hujja, kuma ba zai taɓa samu ba. Wataƙila da sun hau, da yanzu alkamar tana tsaye, suna zaune suna yi masa dariya.

"Zan kawo muku rabin shinkafata ta damina," ya ce.

"Riƙe abarka. Kada ka zo gidana, Sallau, sai na neme ka."

Ya juya ya kama hanyar gari ta bakin kanal, takalmansa a hannu. Sallau ya jingina da tayar baya, wadda tsayinta ya kai ƙirjinsa, ya bi shi da kallo. Ya san halin yayansa, neman nan zai iya kai shekara. Idonsa ya cika da ƙwalla, bai share ba. Ya tsaya yana kallon mutumin yana tafiya cikin fushi, yana taka ƙasa da ƙarfi, da ƙafafunsa biyu, har ya sha kwana.